Amsar Goggo a Kan 'Yar Tsanar Inna

Ummi 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna, Ya jiƙan Baffanki Ƙarami, Ya sa Aljanna ce makomarsu, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Saƙonki ya iso, na karanta shi a nutse. Kin ce ranar da aka buɗe adudun Inna don a lissafa kaya kin ga 'yar tsanarta ta ƙashi, wadda ta taɓa nuna miki kina yarinya, ta ce, "Kishiya, wannan taki ce," sannan ta mayar da ita ta rufe. Kina tambaya ko ki ɗauke ta kawai, tunda ta riga ta ba ki kuma ba abin kuɗi ba ce. Kina tambaya ko ajiye irin wannan abu al'adarmu ce ko kwaikwayon Turawa. Ga kuma maƙwabciyarki da ta tayar miki da hankali, wai gunki ne, mala'iku ba za su shiga gidanki ba.

Ni dai ina son 'yar tsanar nan ta zauna a hannunki. Ke ce takwararta, shi ya sa babanki bai taɓa kiran sunanki na yanka ba tun ranar suna, kuma ke ce kika kwana a ɗakinta fiye da duk jikokinta. Amma kada ki sa ta a jaka ki fita da ita ba wanda ya sani. Ki bari ta zo hannunki a gaban mutane, da yardar masu haƙƙi.

Dalili shi ne, daga lokacin da rai ya fita, duk abin da Inna ta mallaka ya zama na magada, tun daga gonar bayan gari har allurar da ke soke a jikin katifa. Ƙanƙantar abu ba ta fitar da shi daga gado. Tsarin kuma kin san shi: a fara da hidimar jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya muddin ba ta wuce sulusin dukiya ba, sannan a raba abin da ya rage. Magadan Inna mu biyar ne, maza uku mata biyu, don haka kashi takwas za a yi, kowane namiji biyu, ni da Goggonki Ƙarama ɗai-ɗai. Ke ba kya ciki, domin 'yar ɗa ba ta gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye. Wannan ba raini ba ne gare ki, hukunci ne, kuma ya hau kan duk jikokin.

Sai maganar da ta yi miki. Da a ce cewa ta yi, "In na mutu taki ce," da ta zama wasiyya, kuma wasiyya ga jikar da ba ta gado halal ce, magada ba su da ikon hana ta in ta tabbata. Amma yadda kika kawo maganar, kyauta ce ta baki, aka kuma mayar da abin cikin adudu. A mazhabarmu ta Malikiyya, kyauta da sadaka da waƙafi ba sa cika sai wanda aka bai wa ya karɓa ya riƙe. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kakanku yake karantar da ita a zaure bayan La'asar. In mai kyauta ya rasu abin yana hannunsa, ya koma cikin gado. Ban yi shakkar maganarki ba ko kaɗan, na san halin Inna da ke, na kuma san bakinta. Sai dai shekaru sun wuce tana iya miƙa miki ba ta miƙa ba, kuma ina jin na san dalili: ba ta iya rabuwa da ita tana da rai.

Akwai abin da ya ƙara wa maganar nauyi. Baffanki Ƙarami ya rasu bayan Inna, kafin a yi rabo. Ke nan kasonsa ya gangara kan matarsa da 'ya'yansa, kuma biyu daga cikinsu ba su balaga ba. Babba yana iya cewa "na yafe," ya wuce. Maraya ƙarami kuwa ba wanda ke da ikon yafe masa, ko uwarsa, ko waliyyinsa. Mutane suna sakaci a nan ƙwarai. Za ki ga ana zaman makoki, wannan ta ɗauki mayafi wai na tunawa, waccan ta ɗauki buta, wani ya sa carbi a aljihu, kowa yana ganin ai ba komai ba ne, alhali a cikin kowanne akwai rabon yaron da bai san ma ana yi ba. Ba na son abin da za ki riƙa kallo kina yi wa Inna addu'a ya kasance da haƙƙin maraya a jikinsa, ko na sisin kwabo ne.

Ga yadda za mu yi. Ranar rabo, idan malam ya zo ana sa wa kaya kuɗi, zan ce a sa wa 'yar tsanar nata kuɗin ita ma. Kada a raina ta, domin masu sayen kayan da a Kasuwar Kurmi suna neman irin wannan, kuma saƙin da ke jikinta da aninin wuyanta ba a samun su yanzu. Duk abin da aka yanke, a cire a kasona. In ta zama tawa, sai in ɗauka in danƙa miki hannu da hannu a gaban kowa. Shi ke nan, an yi kyauta an karɓa, ba mai sauran magana ko bayan ranmu. Allah ma Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 8, idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo, a ba su wani abu daga ciki, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Kin ga akwai gurbinku a wurin, ba roƙo kika zo yi ba. Amma kafin ranar, ki kira Baffa Babba da bakinki ki gaya masa. Shi ne uban gidan yanzu, kuma ba ya son ya ji magana a tsakar taro.

In kina son hujjar da ta fi tawa, ki tuna labarin sarƙar Nana Khadija. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Nana Zainab 'yar Manzon Allah (SAW) tana Makka, mijinta Abul Asi yana cikin fursunoni a Madina. Ta aiko da fansarsa, a ciki har da sarƙar da mahaifiyarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Da Annabi ya ga sarƙar, tausayi mai tsanani ya kama shi, domin Khadija ta riga ta rasu. To duk da matsayinsa, bai ɗauke ta kawai ba. Sai da ya nemi yardar sahabbai, ya ce in sun ga dama su sakar mata fursunanta su mayar mata da abinta, suka ce sun yarda. Abu biyu nake gani a nan. Ganin kayan wanda ya rasu ya motsa zuciya ba rauni ba ne, ba kuma bidi'a ba ce. Sannan son abu ba ya ɗauke wa mutum neman izinin masu haƙƙi.

Batun ko al'adarmu ce, amsar tana da fuska biyu. Ajiye kayan magabata tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Sarkin Kano har gobe yana riƙe tagwayen masu, a Katsina akwai takobin nan Gajere, kuma in kin shiga Gidan Makama za ki ga abin da aka tara na mutanen da. A gidajen talakawa ma haka ne. Ɗan malam yana riƙe Alƙur'anin ubansa rubutun hannu a cikin gafaka, ɗan maƙeri yana gadon uwar maƙera, 'yar da uwarta ta yi kaɗi tana ajiye mazari, ga tasoshi da murjani da ake gangarowa da su daga uwa zuwa 'ya a jeren ɗaki. Abin lura dai, kusan duk abin da muke ajiyewa abin aiki ne, ko na sarauta, ko na ilmi, ko abin da za a iya sayarwa ranar da ta ɓaci. Tufafin mamaci kuwa yawanci sadakar da su ake yi, don ladan ya kai masa, don kuma ganinsu kullum yana tayar da mikin zuciya.

Kayan wasa su ne ba a saba ajiyewa ba, kuma ba don wani hani ba. Ba sa jurewa ne. 'Yar tsanar yumɓu ruwan sama ɗaya ya ishe ta. Motar kara da yara maza ke yi da kaka, da dokin kara, ba sa ganin damina, ko gara ta ci ko wata ta hura wuta da su. Katantanwa ta fashe, a nemo wata a bakin rafi. Kuma ba saye ake yi ba balle a ji zafin kuɗi, yaro da hannunsa yake ƙera abinsa, in ya lalace gobe ya yi sabo. Sannan yarinya in za a kai ta ɗakin miji, 'yan tukwanenta da 'yar tsanarta ƙannenta take bar wa. Abin kunya ne a ce amarya ta tafi da kayan wasa, kishiyoyi da dangin miji su samu abin faɗa. Saboda haka abin da Inna ta yi ba kowa ke yi ba, kuma a ɓoye ta yi shi.

Jika kuwa al'ada ta san da zamansa a kayan kaka. Lokacin muna yara, in tsoho ko tsohuwa suka rasu, ranar sadaka jikoki kan sa rigar mamacin, su ɗauki sandarsa, su kwaikwayi tafiyarsa da tarinsa da faɗansa, ba sa bari sai an sallame su da 'yan kuɗi. Mutane suna hawaye suna dariya. Yanzu an yi wa'azi a kai, wurare da yawa an daina, ban kuma ce a dawo da shi ba. Na kawo shi ne don ki ga cewa tun da can an yarda tsakanin jika da kaka akwai wata kusanci da ɗa ba shi da ita. Mu 'ya'ya kunya ta raba mu da iyayenmu. Ni ban taɓa zama a bakin gadon Inna ina tambayarta yarintarta ba, ke kuwa har ɗankwalinta kike fizgewa tana bin ki da muciya tana cewa za ta ƙwace miki miji. Ke ta nuna wa 'yar tsanar. Mu gani kawai muka yi.

Abin da na sani game da ita, daga bakin Iya na ji, ƙanwar Inna. Mahaifiyarsu ce ta yi ta da ƙashin ƙafar ragon layya. Ta dafa shi, ta kankare, ta shanya har ya bushe, ta manna kakin zuma a kansa ta dasa baƙin zare ta yi masa kitso, ta ɗaura masa jigida ta 'yan ƙananan duwatsu, ta yanki bakin zanenta na saƙi ta yi masa zane. Ba a daɗe ba ta rasu wurin haihuwa, Inna ba ta fi shekara bakwai ba. Aka raba yaran, Inna ta tafi riƙo wurin goggonta a wani ƙauye, ba ta fita daga ɗakin uwarta da komai ba sai wannan. Babu hoto a lokacin, ba kuma a yi wa kabari alama. Duk abin da ya rage mata na uwarta a duniya shi ne ƙashin nan da ƙyallen da ke jikinsa. Da aka zo kai ta gidan kakanku, sai ta tura shi can ƙasan adudu, ƙarƙashin zannuwan lefe.

Ki duba aninin da ke rataye a wuyanta, mai huda a tsakiya da tauraro. A jikinsa akwai sunan Sarkin Ingila Joji na Shida, wanda ya yi mulki daga 1936 zuwa 1952, kuma in kin goge shi a hankali da busasshen ƙyalle za ki ga shekarar da aka buga shi. Anini goma ne kwabo ɗaya, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, har zuwa 1973 da naira ta zo. Anini shi ne mafi ƙanƙantar kuɗi, amma ga yarinyar ƙauye a wancan zamani, ta riƙe shi ba ta sayi ƙuli-ƙuli ba, ta rataya wa 'yar tsana, ba ƙaramin so ba ne.

Duk shekara in damina ta ɗauke, Inna kan fito da kayan adudu ta shanya a kan igiya da tabarma. In ta zo kan ƙunshin nan sai ta juya mana baya, ta kwance, ta gyara zanen da ɗan yatsa, ta hure ƙura daga kitson, ta sa sabon ganyen darbejiya busasshe, ta naɗe ta mayar. Ba ta cewa komai, mu ma ba ma tambaya. In ta gama sai ta ce a kawo mata gero a daka gumba a raba wa almajirai. Sai da na girma na gane sadakar ta wace ce.

Kada kuma ki ɗauka wasan 'yar tsana shirme ne a wurin mutanen da. Makaranta ce. Yarinya a nan take koyon goyo da ɗaurin zane da kitso. Mukan yi wa 'yan tsana aure sosai, da kamu da lalle da kai amarya, a jera 'yan tukwanen yumɓu, a yi tuwon ƙasa, wani lokaci iyaye su ba da tsaba a dafa na gaske. Ƙawa ta kawo gudummawa, ke ma ranar bikin tata ki mayar da abin da ya fi. Bikin da kike gani mata suna yi wa juna har tsufa, a nan ake fara koyonsa.

Sai maganar maƙwabciyarki. Kada ki yi fushi da ita, tsoron Allah ne ya sa ta faɗa, kuma hadisin da take nufi a kan hotuna da gumaka ingantacce ne. Sai dai malamai sun ware 'yar tsanar yara daga ciki. Bukhari da Muslim sun ruwaito Nana A'isha tana cewa takan yi wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (SAW), ƙawayenta suna zuwa, in ya shigo su ɓuya, shi kuma ya turo mata su su ci gaba da wasa. A ruwayar Abu Dawuda, ya ga wani doki mai fukafukai na ƙyalle a cikin kayan wasanta, ya tambaya, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai, ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. Matan sahabbai ma sukan yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura don su shagala su kai azumi. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da azumi, ya tafi a kan halaccin 'yar tsana ga 'ya'ya mata don su koyi reno, ya ce kuma shi ne ra'ayin mafi yawan malamai. Balle wannan da ba ta da ido, ba hanci, ba baki, ba hannu, ƙashi ne da zane.

Duk da haka ina ba ki shawara kada ki kafa ta a falo cikin gilashi kamar abin ado. Sassaucin da aka yi don wasan yara aka yi shi, ba don a girke siffa a ɗaki ana kallo ba, kuma kin san mutanenmu: wani in ya ga ƙashi da zare da tsohon kuɗi, zuciyarsa wurin boka za ta tafi, ya fita da labarin da ba ki aike shi ba. Na duba ta da idona, babu laya, babu rubutu, babu wani ƙulli a jikinta. Ki nuna wa maigidanki ita tun ranar da za ta shiga gidansa, ki gaya masa tarihinta, kada wata rana ya ci karo da ita a cikin kaya. Ki kuma tsare zuciyarki daga ɗaya gefen. Ba ta kawo albarka, ba ta kawo tsiya, ba ta maganin mafarki, ba ta jawo fatalwa. In yaro ya yi zazzaɓi ba a sa masa ita a ƙarƙashin matashi. Abin da ke isa ga Inna a inda take shi ne addu'a da sadaka, sai kuma zumuncin da za ki riƙe da mutanenta, kamar yadda Annabi yake yanka akuya ya aika wa ƙawayen Khadija bayan rasuwarta.

Wajen adana ta, kada ruwa ya taɓa ta, kada ki shafa mata mai ko turare, kada ki ce za ki wanke saƙin, narkewa zai yi a hannunki. Kada ki ƙulle ta a leda, gumi zai sa ta yi fumfuna. Farin ƙyallen auduga ya isa, da ganyen darbejiya busasshe saboda ƙwari, a cikin akwati inda rana da zafin girki ba sa kaiwa, don kakin kan yana narkewa. Kitson da ya tsinke ki bar shi haka, kada ki sake mata sabo. 'Yarki kuwa ki saya mata ta roba ta yi ta wasanta. Wannan sai ta yi hankali, ki zaunar da ita ki ɗora mata a cinya kina kusa, saboda duwatsun jigidar ƙanana ne, yaro na iya haɗiyewa.

Abin da na fi so ki gaggauta shi ne zuwa wurin Iya. Ta tsufa ƙwarai, kuma ita kaɗai ta rage da ta san sunan mahaifiyarsu da sunan ƙauyen da aka kai Inna riƙo da waƙar da suke yi wa 'yan tsana ranar kai amarya. Ki tafi mata da goro da sabulu da ɗan turmin atamfa, ki zauna ki bar ta ta yi ta magana, ki naɗi muryarta a waya in ta yarda. Abin da ta faɗa ki rubuta a takarda da hannunki, da sunayen da shekarun da aka iya tunawa, ki naɗe tare da 'yar tsanar. Ki ɗauki hotonta ki tura wa sauran jikoki, har 'ya'yan Baffa Ƙarami, don su ma kakarsu ce. In kuma wata rana kin yi niyyar bai wa wata a cikin 'ya'yanki ko jikokinki, ki miƙa mata a hannu kina da lafiyarki, da shaidu.

An sa ranar rabo Asabar ta biyu bayan Sallah, da hantsi, a gidan Baffa Babba. Ki nemi izinin maigidanki tun yanzu, ki zo da kwana ɗaya kafin nan mu je wurin Iya tare. Ki gaishe shi, ki shafa min kan yara.

Goggonki.